Filin Sukuwa da Igiyar Masu Awo: Daga Katsina Zuwa Mai'adua

Cikakken filin ƙwallon dawaki tsawonsa yadi 300 ne, faɗinsa yadi 160. In aka miƙa shi ga mai awon fuloti aka ce ya yanka ƙafa 50 da 100, zai fitar da fuloti 86 kafin a cire hanyoyi. Filin ƙwallon ƙafa irin wanda ake buga gasa a kansa zai ba da wajen 15. Babu dillalin fili a ƙasar Daura da bai iya wannan lissafi da ka ba, kuma duk sa'ad da ya gifta ta gefen wani fage da samari ke guje-guje a kai, lissafin yake yi. Ban ga laifinsa ba, sana'arsa ke nan. Abin da ke ci mini tuwo a ƙwarya shi ne a ɗaya ɓangaren babu wanda aka ɗora wa alhakin ƙirga abin da gari ke rasawa ranar da aka kafa turken farko a tsakiyar fagensa.

Daga Mai'adua nake duban wannan al'amari, garin da ke bakin iyakarmu da Nijar, ɗaya daga cikin ƙananan hukumomi biyar na masarautar Daura, tare da Daura da Zango da Ɓaure da Sandamu. Kasuwarsa ta ranar Lahadi ta kai sunansa har Kurmi, inda tireloli ke sauke shanu da tumakin da aka ɗora a kararsa. Ƙidayar 2006 ta ba ƙaramar hukumar mutum sama da 200,000, kuma jariran da aka raɗa wa suna a waccan shekara yau sun isa neman aure da neman inda za su kafa gida. Daura kanta ta samu jami'ar sufuri ta tarayya da kwalejin kimiyya da fasaha ta tarayya, ga layin dogo na Kano zuwa Maraɗi, wanda aka aza harsashinsa a Fabrairun 2021, zai ratsa ta cikinta. Duk alheri ne, kuma duk suna ɗaga kuɗin ƙasa. Idan kuɗin ƙasa ya tashi, filin da ake fara ci shi ne wanda kowa ke amfani da shi amma babu sunan kowa a kan takardarsa.

Magabatanmu da gangan suke barin fili. Wanda ya duba yadda aka zana tsofaffin biranen Hausa zai ga ganuwa ba gidaje kaɗai ta kewaye ba, har da gonaki da kududdufai da sarari, domin in abokan gaba sun yi wa gari zobe mutane da dabbobi su samu inda za su sake. A gaban fada kuma ana barin babban fage: Kangiwa a Daura, Kangiwa a Katsina gaban Ƙofar Soro, Ƙofar Kudu a Kano. A bayan gari akwai filin idi. A kowace unguwa akwai dandali, inda 'yan mata ke gaɗa da dare in farin wata ya fito, yara maza kuma na langa. Da kaka, in an cire amfani an share karan gona, sai a buɗe fagen dambe da na kokawa, mahauta su zo da kalangu, makaɗa su zo da ganguna. Kewaye da ƙauye akwai hurumi, ƙasar da ba a noma ta ba a kuma mallaka wa mutum ɗaya, domin kiwo da itace da sauran bukatun mutanen gari. Wannan ba al'ada kaɗai ba ce, fiƙihun Malikiyya ya san da shi, kuma Malam Abdullahi na Gwandu ya rubuta littafi sukutum, Ta'alimur Radi, kan yadda ake mallakar ƙasar da ba ta da mai ita da abin da ba a yarda wani ya keɓe wa kansa ba. Ba wata takarda ce ta tsare waɗannan filaye ba. Idon mai gari ne, da kunyar jama'a, da kuma cewa ƙasa tana da yawa mutane kaɗan ne.

Akwai kuma doki. A ƙasar Daura labarin kafuwar sarauta ma da mahayi ya fara, domin tarihin baka ya nuna Bayajidda a kan doki ya iso gidan Ayana yana neman ruwa kafin ya nufi rijiyar Kusugu. Tarihin Kano ya danganta shigowar lifidi da sulke da kwalkwali ga zamanin Sarki Kanajeji, ɗaruruwan shekaru kafin Jihadi. A ƙarni na 19 mutanen wannan yanki namu sun san ƙurar dawakin Damagaram na zamanin Sarki Tanimu, lokacin da Zango da Ɓaure ke ƙarƙashin inuwarsa. Sunayen sarautu irin su Madawaki da Shamaki da Barde duk shaida ce ta cewa mulki a bayan doki yake tafiya. To, dokin yaƙi ba a turke ake horar da shi ba. Sai an fitar da shi fili ya yi zamiya, ya yi sukuwa, ya koyi tsayawa cak in an ja linzami, ya saba da ƙarar bindiga da ihun mutane. Jafin da muke tafa wa hannu ranar hawan salla, inda mahaya ke taho da gudu su ja burki a gaban sarki suna jinjina, ragowar wancan horo ne. Hawan kansa a asali duba rundunar da kowane hakimi zai iya kawowa ne. Saboda haka fili a lokacin kayan yaƙi ne, kuma ba mai hankalin da zai gina ɗaki a inda barade ke motsa dawaki.

A 1903 wannan dalili ya faɗi. Kano ta faɗa hannun Turawa a Fabrairu, Sakkwato a Maris, Katsina ta bi. Bindiga mai jigida ta nuna cewa lifidi ba ya tsare rai, doki ya rasa aikinsa na asali, aka bar shi da ado da tafiyar rangadi. Turawan kuma sun zo da nasu son dawakin. Kusan duk inda suka kafa babban bariki sai sun share filin tsere da na ƙwallon dawaki. Gaskiya ce mai ɗaci cewa yawancin waɗannan filaye ba don mu aka bar su ba: tsarin Gwamna Lugga ya tanadi a bar tazarar yadi 440 babu gini tsakanin unguwar Turawa da mazaunin 'yan ƙasa, wai don gudun sauro da cuta, kuma irin wannan sarari shi ya fi dacewa da wasanninsu. Sun kuma ɗauki hawan sarakuna suka mayar da shi bikin nuna ikon daularsu, kamar wanda aka yi a Kano a 1913, da na 1925 lokacin ziyarar Yariman Wales, da wanda aka yi wa Sarauniya Elizabeth a Kaduna a 1956. Wanda zai ba da tarihin filayen sukuwar Arewa ya tsallake wannan bai faɗi gaskiya ba. Amma tarihin bai tsaya nan ba, domin 'yan ƙasa sun shiga filayen, suka kuma mayar da su nasu.

A nan ne labarin Katsina ya cancanci a zauna a kansa. Muhammadu Dikko yana Durɓin Katsina Turawa suka ɗora shi kan gadon sarauta a 1906, ya kuma riƙe ta har rasuwarsa a 1944. A 1921 ya tafi aikin hajji ta hanyar Ingila, inda ya gana da Sarki George na Biyar. Mutum ne mai son dawaki tun asali, kuma ya ga cewa ƙwallon dawakin da Turawa ke bugawa a Legas tun 1904 da Kaduna tun wajen 1918 ba wani abu ba ne da ya fi ƙarfin 'ya'yan Katsina, waɗanda suka tashi a kan sirdi. Sai ya sa aka share fili a Katsina, ya ɗora 'ya'yansa da 'ya'yan hakimansa da fadawansa a kan dawaki, ya ba su sanduna. Abin da na fi gani a wannan aiki shi ne ya samar wa dokin Katsina sabon dalilin zama a barga, a daidai lokacin da tsohon dalilin ya mutu. Da bai yi haka ba, da ƙwarewar hawa da ta ɗauki ƙarnoni tana taruwa ta tsiyaye cikin zamani ɗaya, ta koma abin da ake tunawa da shi sau biyu a shekara.

Ba a daɗe ba ɗalibai suka fi malamansu. Ɗansa Usman Nagogo, wanda ya yi sarauta daga 1944 zuwa 1981, ya kai matakin gwaninta na 7 a ma'aunin wasan da ke tsayawa a 10, matakin da har yau ake ambatonsa in ana lissafin gwanayen Afirka. Kofin Jojiya, wanda ake fafatawa a kansa a Kaduna tun 1919, ya sha zuwa Katsina. Janar Hassan Usman Katsina, ɗan Nagogo, wanda ya yi gwamnan Jihar Arewa daga 1966 zuwa 1967, ɗan wasa ne na sosai, haka ma Sarki Muhammadu Kabir Usman da ya riƙe sarauta daga 1981 zuwa 2008, kuma gidan bai saki ragamar wasan ba har zuwa kan Sarki Abdulmumini Kabir Usman. Shekara ɗari ke nan, ko kusa da haka, filin folo na Katsina, wato na ƙwallon dawaki, yana nan ana sukuwa a kansa, alhali birnin ya zama hedikwatar jiha tun 1987 ya kuma cinye gonakin da ke kewaye da shi ta kowace kusurwa.

Me ya tsare shi? A ganina abu uku ne suka haɗu. Yana da uban gida wanda ba a iya tsallake maganarsa, kuma uban gidan bai canza ra'ayi ba tsawon sarakuna huɗu. Yana da ƙungiya mai shugabanni da mambobi waɗanda za su yi magana in an taɓa shi. Yana kuma da kalanda, wato gasar da ake jira shekara-shekara, baƙi su zo daga Kano da Kaduna da Zariya da Legas, ta yadda kowa ya san ranar da filin zai cika. Na san abin da mai karatu zai ce: ai folo wasan masu hannu da shuni ne, mutum huɗu ne kacal a kowane ɓangare, kowannensu na bukatar dawaki da yawa domin ana canzawa bayan kowane zagaye na minti bakwai, wasu dawakin ma daga Ajantina ake sayo su. Haka ne. Amma wanda ya taɓa tsayawa a bakin irin wannan fili ranar gasa ya san ba masu dawakin kaɗai ke ci ba. Akwai yaran barga, da masu harawa da dusa da kanwa, da dukawa masu ɗinka sirdi da ragama, da maƙera masu linzami da likkafa, da masu rake da tsire da fura, da ɗimbin talakawan da suka zo kallo. Kuma ko a ranakun da babu gasa, sarari ne da ya rage a cikin birni inda iska ke wucewa.

Sauran filayen da ba su samu wannan kariya ba kowanne ya bi tasa ƙaddarar. Na Legas, wanda Oba Dosunmu ya ba Turawa a 1859, a kansa aka sauke tutar Ingila aka ɗaga ta Nijeriya daren 1 ga Oktoban 1960. A 1972 aka zuba masa kankare ya koma Dandalin Tafawa Ɓalewa, tsere ya ƙare, dawakin da suka rage a wurin su ne na sassaƙa da ke saman ƙofar shiga. Na Kaduna, inda aka yi hawan Sarauniya da hawan samun mulkin kai na Arewa a 1959, ya koma Dandalin Murtala, aka yi babban hawan FESTAC a cikinsa a 1977. Shi ya yi sa'a, domin ya ci gaba da zama wurin wasanni da taron jama'a, ƙwallon dawaki kuma bai bar unguwar ba.

Na Kano shi ne ya kamata mutanen ƙasar Daura su yi wa kallon tsanaki, don abin jiya-jiya ne. A farkon Yunin 2023, kwanaki kaɗan bayan rantsar da Gwamna Abba Kabir Yusuf, katafilolin gwamnati suka fara rusau da wani bene mai shaguna da aka gina a jikin Filin Sukuwa da ke Nasarawa, daga nan suka wuce kan shagunan da suka kewaye filin idi da wasu wurare da gwamnatin ta ce wadda ta gabace ta ta raba ba bisa ƙa'ida ba. 'Yan kasuwar filin idi suka garzaya Babbar Kotun Tarayya, kotu ta yanke a biya su diyyar naira biliyan 30, daga baya aka yi sulhu a kan biliyan 3. Ba ina nan ne don in raba gardamar Kwankwasiyya da Gandujiyya ba. Abin da nake so a lura da shi shi ne wanda ya biya kuɗin. Ɗan kasuwar da ya sayi shago da takardar gwamnati a hannunsa ya wayi gari a kan ɓaraguzai. Baitulmalin jiha, wato kuɗin talaka, ya biya diyya. Kuma duk wannan ya faru ne saboda wata gwamnati na iya ba da filin jama'a da sa hannu ɗaya, wata ta ƙwace da sa hannu ɗaya, babu wata tsayayyar doka da ta fi ƙarfin su biyun. Idan filin da ke tsakiyar Kano, mai suna da tarihi da manyan mutane a kewayensa, ya sha da ƙyar, ina ga fagen da ke bayan makarantar firamare a wani gari na ƙasar Mai'adua?

Irin wannan fage ba rana ɗaya ake kashe shi ba, shi ya sa ba a jin kukansa. Yau a ba wani kusurwa ya kafa rumfar cajin waya, a ce ai na wucin gadi ne. Baɗi rumfa ta koma shagon bulo. Sai a yanki gefe a yi ofishin wata hukuma, wanda ba mai iya musawa tunda aikin gwamnati ne. Sai magada su taso da maganar cewa asali gonar kakansu ce ya ba da aro, kuma sau da yawa gaskiyarsu ce, don an karɓa ne da baki a gaban dagacin da ya daɗe da rasuwa. Kafin shekara goma, masu ƙwallo sun matsa ragarsu sau uku, mai doki kuma ba ya samun tazarar da dokinsa zai buɗe ƙafa. Mun ga wannan hanya a kan burtali da makiyaya. Gwamnatin Jihar Arewa ta yi dokar keɓe wuraren kiwo tun 1965, amma da yawansu ba a kammala auna su da shigar da su gazet ba, aka yi ta gutsurarsu kaɗan-kaɗan, kuma babu ɗan Jihar Katsina da ke bukatar a gaya masa abin da rikicin noma da kiwo ya jawo mana. Ba ina cewa rasa filin wasa zai haifar da irin wannan masifa ba. Ina cewa salon ɓarnar ɗaya ne, kuma mun riga mun san yadda yake ƙarewa in an yi shiru.

Dokar da muke da ita ba ta hana gyara ba, ba ta dai tilasta shi ba ne. Dokar amfani da ƙasa ta 1978 ta damƙa ƙasar kowace jiha a hannun gwamna a matsayin amana, ta bar wa ƙaramar hukuma ikon ba da izinin mallaka na gargajiya a wuraren da ba birni ba. Wannan, tare da gyaran ƙananan hukumomi na 1976, ya zare ikon ƙasa daga hannun sarakuna da hakimai, waɗanda a dā su ne masu cewa nan ba a gini. Ikon ya koma ofis, amma kunyar da ke tare da shi ba ta bi shi ba, don hakimi yakan mutu a garinsa a binne shi a cikin mutanen da ya yi wa adalci ko zalunci, shi kuwa ciyaman shekarunsa ƙidayayyu ne. Sai dai jadawali na huɗu na tsarin mulkin 1999 ya lissafa kula da wuraren shaƙatawa da lambuna da filayen da aka bari a buɗe cikin ayyukan ƙaramar hukuma, a layi ɗaya da tituna da magudanan ruwa. Kuma a Yulin 2024 Kotun Ƙoli ta yanke cewa a riƙa ba ƙananan hukumomi kuɗinsu kai tsaye. Wato alhakin yana da mai shi a rubuce. Ban taɓa jin ɗan takarar kansila ya hau mumbari ya yi alkawarin auna filin wasan mazaɓarsa ba, kuma dalili shi ne mu masu zaɓe ba mu taɓa tambaya ba.

Turawan da suka kawo mana filin tsere sun fuskanci wannan matsala a gidansu, suka yi mata magani da doka. A Ingila akwai garin Chester da ake tseren dawaki a fili ɗaya tun 1539. Dokarsu ta 2006 ta ba mutanen gari damar neman a yi rajistar duk filin da suka shafe shekara 20 suna wasanni da shaƙatawa a kai a fili, ba da ƙarfi ba, ba a ɓoye ba, ba kuma da roƙon izini ba, kuma da zarar an yi rajistar gini a wurin ya zama laifi. A 2013 sun rage wa dokar kaifi saboda ƙorafin masu gina gidaje, wanda ke nuna ko can ja-in-ja ce da ba ta ƙarewa. Abin ɗauka a ciki shi ne an yarda cewa daɗewar jama'a suna wasa a wuri hujja ce da kotu za ta saurara. A wurinmu ƙafafun yara dubu da suka taka fili shekara hamsin ba su kai nauyin takarda ɗaya mai hatimi ba.

Wani zai ce ai gwamnati na gina filayen wasa na zamani. Tana yi, kuma filin Karkanda na Katsina, wanda aka gina zamanin Gwamna Ibrahim Shema daga baya aka sa masa sunan Muhammadu Dikko, abin alfahari ne. Amma filin da ke da katanga da ƙofa da mai gadi da tikiti wurin kallon gwanaye ne, ba wurin da ake zama gwani ba. Maƙwabtanmu na Nijar sun fi mu fahimtar alaƙar biyun. Tun 1975, lokacin da aka fara gasar kokawa ta ƙasa a Tawa zamanin Seyni Kunce, suke zagayawa da takobin da ake ba zakaran gasar daga jiha zuwa jiha, suka gina fagen kokawa a manyan garuruwansu, suka sa musu sunayen 'yan kokawa: na Maraɗi sunan Kantu, na Damagaram sunan Langa-Langa. Mutanen Mai'adua, da iyaka ta raba su da danginsu tun awon da Ingila da Faransa suka yi tsakanin 1906 da 1908, suna bin wannan gasa a rediyo kamar tasu. Amma duk ɗan kokawar da ya ɗaga takobi a fagen ƙauye ya fara faɗuwa yana tashi, a kan rairayin da ba wanda ya karɓi kuɗin shiga. Haka damben da ake kallo yau a wayoyi har ƙasashen waje, da ɓangarorinsa na Kudu da Arewa da Guramaɗa: Shagon da Ɗan Anace ya yi wa waƙa ba a cikin katanga ya koyi naɗa zare ba.

Akwai ƙorafin da ya fi wannan nauyi, kuma daga bakin mutanen kirki yake fitowa: wai filin sukuwa da fagen dambe matattarar caca ce da shaye-shaye da 'yan daba. Akwai ƙamshin gaskiya a ciki, kuma wanda ya musa bai je ba. Sai dai tseren dawaki kansa ba baƙon abu ba ne a Musulunci. Abdullahi ɗan Umar ya ruwaito, kamar yadda ya zo a Muwaɗɗa da Buhari, cewa Manzon Allah (SAW) ya shirya tsere a Madina, ya ware wa horarrun dawaki doguwar tazara daga Hafya zuwa Saniyyatul Wada'i, waɗanda ba a horar ba kuma gajeruwa. Caca ce haramun, kuma an fi iya hana ta a wurin da ke da shugabanni da ƙa'ida da idon dattawa fiye da a lungu. Haka maganar kilisa. 'Yan sanda a Kano sun sha haramta hawan dawaki a kan titi saboda samari na banke mutane a lokutan biki, kuma haramcin na kan hanya, don kwalta ba wurin sukuwa ba ce, ga santsi ga yara ga masu babura. Amma saurayin da jininsa ke tafasa, ga doki a ƙarƙashinsa, in an ce kada ya hau titi sai a nuna masa inda zai hau. Al'ummar da Narambaɗa ya yi wa dokin tserenta waƙa, Dokin Iska Ɗan Filinge, ba za ta daina son gudun doki don sanarwar 'yan sanda ba. Sunan dokin ma, da ke nuni da garin Filinge na Nijar, yana tuna mana cewa tun dā daga arewacinmu kyawawan dawaki ke gangarowa, ta irin waɗannan kasuwanni na kan iyaka.

Daura ta riƙe abin da garuruwa da yawa suka saki. Ban da hawan salla da Hawan Magajiya, tana da Sallar Gani a watan Maulidi, lokacin da hakimai ke shigowa da dawakinsu Kangiwa ta cika ta batse. Mun kuma ga yadda gari ke zama a shekarun da aka dakatar da hawa, a 2019 saboda tsaro da 2020 saboda annobar korona: masu dawaki na ciyarwa ba hawa, dukawa da masu ɗinkin kayan doki na zaune. A Disambar 2024 hukumar UNESCO ta shigar da hawan Kano cikin jerin al'adun duniya da ya kamata a adana. Kangiwa ba ta cikin haɗari, don tana gaban fada. Amma mahayan da ke cika ta daga gundumomi suke zuwa, kuma a filayen garuruwansu suke koyon zama a kan sirdi. Waɗancan filaye ne ba su da mai tsaron su.

Aikin da nake kira a yi ba ya bukatar kwangilar biliyoyi. Kowane hakimi a masarautar, da dagatansa da masu unguwanninsa, su zauna da dattawan da suka san iyakoki tun suna raye, a rubuta kowane filin idi da dandali da fagen wasa da filin makaranta, da yadda aka same shi. Inda aro ne, a nemi magada a biya su ko a ba su musaya, ko a roƙe su su mayar da shi wakafi a rubuce a gaban alƙali, domin wakafi ba a sayar da shi ba a gadonsa, kuma mutanenmu na jin tsoron taɓa shi fiye da yadda suke tsoron dokar gwamnati. Sannan ma'aikatan safiyo su auna, a kafa turakun siminti, a fitar da takarda da sunan al'ummar garin, a ajiye kwafi a ƙaramar hukuma da fadar hakimi da majalisar sarki, ta yadda ɓatan fayil ɗaya ba zai ɓatar da fili ba. Majalisar dokokin jiha kuma ta yi dokar da za ta hana canza amfanin irin wannan fili sai da amincewarta a zaman da kowa zai ji. Daga nan sai abin da Katsina ta koya mana, wato kalanda: ƙungiyar masu dawaki da ta 'yan ƙwallo da sarkin dambe su raba kwanaki, a tsayar da sukuwa ta shekara-shekara bayan an gama girbi, a gayyato mahaya daga Zango da Ɓaure da Kazaure da Matamaye da Magarya. A shuka darbejiya a kewaye maimakon katanga, don itace na nuna iyaka ba tare da ya hana yaro shiga ba. A Mai'adua, inda ake da 'yan kasuwar dabbobi da ke juya miliyoyi kowace Lahadi, kuɗin awo da turaku da kofin gasa ba zai gagara ba, kuma ya kamata a fara tun jirgin ƙasa bai fara tsayawa a Daura ba.